Bento: Akwatin abincin rana a manyan gidajen cin abinci na Japan

A wasu daga cikin gidajen cin abinci mafiya tsada a biranen Kyoto da Osaka da Tokyo na ƙasar Japan, idan baƙo ya je cin abincin rana, abin da za a ajiye a gabansa shi ne wani baƙin akwati mai sheƙi, da murfinsa a rufe.

Idan ya ɗaga murfin, zai tarar an raba cikin akwatin gida huɗu, kuma kowane gida da irin abincin da ke cikinsa: nan ɗanyen kifi da aka yayyanka, can gasasshen kifi, ga kayan lambu da aka dafa a romo, ga kuma shinkafa.

Wannan shi ne bento. Asalinsa guzuri ne na manoma da matafiya da mayaƙa, amma a yau ya zama hanya mafi sauƙi da mai matsakaicin ƙarfi zai ɗanɗani girkin manyan kuku na ƙasar ba tare da ya tatike aljihunsa ba.

To sai dai ga Musulmin da ke zuwa Japan domin karatu ko kasuwanci ko halartar taro, ko kuma wanda aka gayyata gidan abincin Japanawa a Dubai ko London ko Legas, akwatin na zuwa da wata tambaya: me ke cikinsa, kuma ya halatta a ci?

Mene ne bento?

Kalmar bento na nufin abincin mutum ɗaya da aka shirya a cikin akwati ko wani mazubi mai murfi, domin a tafi da shi a ci a wani wuri. Masana harshe da dama na danganta asalinta da wata tsohuwar kalmar Sinanci mai ma'anar abin da ke kawo sauƙi.

Tun zamanin Kamakura, wato daga 1185 zuwa 1333, Japanawa kan dafa shinkafa su shanya ta, su zuba a jaka su kama hanya. Idan yunwa ta zo sai a jiƙa ta da ruwa, ko a tauna ta haka nan.

Zuwa ƙarshen ƙarni na 16, masu hali sun fara amfani da akwatunan katako da aka shafe da ƙaron wata bishiya da ake kira urushi, suna fita da su kallon furanni a lokacin bazara.

A zamanin Edo, wanda ya fara a 1603, gidajen wasan kwaikwayo na kabuki kan yini ana wasa. Don haka aka riƙa sayar da wani nau'in bento da ake ci yayin da aka sauke labule tsakanin fitowa da fitowa. Daga nan ne ya samo sunan makunouchi, kuma har yanzu da shi ake kiran bento mai shinkafa da kifi da wainar ƙwai da kayan lambu kaɗan-kaɗan.

Zuwan jirgin ƙasa ya haifar da ekiben, wato bento na tasha. Labarin da ya fi yaɗuwa shi ne an fara sayar da shi a tashar Utsunomiya a 1885, inda aka naɗe curin shinkafa biyu da ɗan kayan tsami a ɓawon gora, ko da yake akwai wasu tashoshin da ke cewa su ne suka riga.

A yau ana samun bento a ko'ina a ƙasar: a jakar ɗan makaranta, da teburin ma'aikaci, da kantunan da ba sa rufewa dare da rana, inda sau da yawa farashinsa bai wuce yen 500 zuwa 700 ba.

Daga akwatin iri zuwa teburin manya

Nau'in da manyan gidajen abinci suka fi kawowa shi ne wanda ake kira shokado bento, kuma labarinsa ya faro ne daga wani malamin addinin Buddha mai suna Shokado Shojo, wanda ya zauna a Yawata da ke kusa da Kyoto, ya kuma rasu a 1639.

Shojo ya yi suna wajen iya rubutun hannu da zane da kuma tsara zaman shan shayi irin na gargajiya. An ce ya ga wani akwati mai gida huɗu da manoma ke adana iri a ciki, sai ya mayar da irinsa wurin ajiye kayan zanensa da sauran ƙananan tarkace.

Bayan kusan shekaru 300, a cikin shekarun 1930, wani kuku mai suna Yuki Teiichi, wanda ya kafa gidan abincin Kitcho a Osaka a 1930, ya ga irin wannan akwati, ya kuma yi tunanin zuba abinci a cikinsa. Ya yi masa gyare-gyare, ya ƙara tsayin gefensa, ya sa masa murfi.

Hikimar abin a fili take. Shingen da ya raba akwatin na hana romon wannan ya kwarara cikin wancan, kuma ƙamshin gasasshe ba ya gauraya da na ɗanye. Haka nan a kowane gida akan saka ɗan ƙaramin kwanon tangaran ko na gilashi, wanda za a iya ɗumama shi ko a sanyaya shi gwargwadon abin da za a zuba.

Siffar akwatin ta yi tasiri har a wajen kicin. Richard Sapper, wanda ya tsara fasalin kwamfutar tafi-da-gidanka ta ThinkPad da kamfanin IBM ya fitar a 1992, ya ɗauko tunanin ne daga shokado bento: baƙin akwati maras ado, wanda sai an buɗe shi ake ganin abin da ya ƙunsa.

Kaiseki a taƙaice

Ba za a fahimci darajar wannan akwati ba sai an san kaiseki, wato girkin ƙasaita na Japan.

Kaiseki ya tsiro ne daga ɗan abincin da ake ba baƙi kafin shan shayi mai kauri, a bisa tsarin da Sen no Rikyu, wanda ya rayu daga 1522 zuwa 1591, ya daidaita. Ginshiƙinsa shi ne shinkafa da miya guda da kuma mahaɗi iri uku. Daga bisani ya bunƙasa ya zama liyafa mai zubi takwas ko goma ko fiye, ana kawo su ɗaya bayan ɗaya, har a shafe sa'o'i biyu zuwa uku ana ci.

Irin wannan liyafa da daddare a gidan da ya amsa sunansa na iya cin yen dubu 30 zuwa dubu 50 a kan mutum guda, wani wurin ma fiye da haka.

Shokado bento kuwa yana tattara muhimman sassan liyafar ne a zubi ɗaya. Kukun da ya yi na dare shi ko yaransa ne ke yin na rana, kayan girkin ma daga kasuwa guda ake sayo su, amma kuɗin kan kama daga kimanin yen dubu biyar zuwa dubu goma, kuma cikin sa'a guda an kammala.

Su ma masu gidajen abincin suna da tasu ribar. Za a iya shirya yawancin abin da ke cikin akwatin tun da safe, ma'aikaciya ɗaya za ta iya kula da baƙi masu yawa, sannan ɗakunan da da za su zauna babu kowa da rana suna kawo kuɗi. Bugu da ƙari, wanda ya ji daɗin abincin rana, mai yiwuwa ya dawo wata rana ya biya na dare.

Alal misali, gidan abincin Hyotei da ke kusa da wurin ibadar Nanzenji a Kyoto, wanda ya faro a matsayin rumfar shayi ta masu ziyara kimanin shekaru 400 da suka wuce, yana da wani reshe a gefensa da ya yi suna da shokado bento. Babban gidan na cikin waɗanda suka sami taurari uku a kundin Michelin na farko na Kyoto da Osaka da aka fitar a 2009.

Abin da ke cikin akwatin

Babu wata doka da ta ƙayyade abin da za a zuba a kowane gida, amma akwai tsarin da aka saba.

Gida na farko yakan ɗauki sashimi, wato ɗanyen kifi da aka yanka da wuƙa mai kaifin gaske, tare da ɗan wasabi, wata saiwa koriya mai yajin da ke hawa hanci maimakon ya tsaya a harshe.

Na biyu na gasasshe ne: yankan kifi, da wainar ƙwai da aka naɗe ta sala-sala, da jatan lande, da wasu ƙananan kayan marmari na lokacin.

Na uku na abin da aka dafa a romo ne a kan wuta kaɗan-kaɗan, kamar kabewa da gwaza da awara da tohon gora.

Na huɗu kuwa shinkafa ce, wadda a wasu lokuta akan matse ta a cikin wani mazubi ta fito da siffar fure ko ganye. Wasu gidajen kan kawo shinkafar daban da zafinta, su saka soyayyen kifi da kayan lambu, wato tempura, a gurbinta.

A gefen akwatin akan ajiye kwanon miya mai murfi, a ƙarshe kuma a kawo ɗan kayan zaƙi ko 'ya'yan itace da koren shayi.

Masu girkin na kiyaye wata tsohuwar ƙa'ida ta biyar-biyar. Launi biyar: fari da baƙi da ja da rawaya da kore. Hanyar sarrafawa biyar: ɗanye da dafaffe da gasasshe da soyayye da turararre. Sai kuma ɗanɗano biyar, ta yadda babu wanda zai danne ɗan'uwansa.

Kazalika akwai batun lokaci, wanda suke kira shun, wato makonnin da kowane abu ya fi daɗi a shekara. Tohon gora na bazara ne, kifin ayu na lokacin zafi, nau'in laimar kwaɗi mai tsada da ake kira matsutake na kaka, ƙaguwa kuma ta hunturu. Wanda ya ci bento a gida ɗaya a watan Afrilu, idan ya koma a watan Oktoba ba zai tarar da abu ɗaya ba, hatta ganyen da aka yi ado da shi ya sauya.

Irin wannan kula da lokutan shekara na daga cikin dalilan da suka sa hukumar UNESCO ta sanya al'adar girkin gargajiya na Japan, wato washoku, cikin jerin al'adun duniya da suka cancanci a adana, a watan Disamba na 2013.

Romon da ke riƙe da komai

Kusan duk abin da aka dafa a cikin akwatin ya ratsa ta cikin dashi, wani romo garai-garai da ake yi da busasshen ganyen teku mai suna kombu, da kuma busasshen kifin katsuo da aka ƙyafe aka kankare shi siriri.

Aikin da dashi ke yi a tukunyar Bajapane ya yi kama da wanda daddawa ke yi a miyar kuka: ba a ganinsa, amma idan babu shi an san babu.

A 1908 wani masanin kimiyyar sinadarai a Jami'ar Tokyo, Kikunae Ikeda, ya gano cewa sinadarin glutamate ne ke ba kombu wannan ɗanɗano, ya kuma raɗa masa suna umami. Shekara guda bayan haka aka fara sayar da shi a matsayin garin ɗanɗano da sunan Ajinomoto, wanda matan arewacin Najeriya suka sani da farin magi.

Akwai wata alaƙar kuma. Kusan dukkan riɗin da Japan ke amfani da shi daga waje take sayowa, kuma Najeriya na cikin ƙasashen da suka fi sayar mata, daga gonakin jihohi irin su Jigawa da Nasarawa da Binuwai. Ita ma kuɓewa Japanawa na cinta, musamman a lokacin zafi, suna kiranta okura.

Inda gizo ke saƙar ga Musulmi

Da farko dai mutum zai ɗauka abincin da ya dogara ga kifi da shinkafa da kayan lambu ba shi da matsala. Tarihi ma ya nuna cewa a shekara ta 675 Sarki Tenmu ya hana cin naman shanu da dawaki da karnuka da birai da kaji, kuma ƙyamar cin nama ta daɗe a ƙasar, har zuwa 1872 lokacin da aka ba da sanarwar cewa Sarki Meiji ya ci naman sa.

Ta fuskar halittun ruwa, mabiya mazhabar Malikiyya, wadda ita ce mafi rinjaye a Afirka ta Yamma, suna da sauƙi, domin mazhabar ta halatta abin da ke rayuwa a teku gaba ɗaya. Hanafiyya ce ta taƙaita halaccin ga kifi.

Babbar matsalar tana cikin kayan haɗi ne, waɗanda ido ba ya gani.

Na farko shi ne sake, giyar shinkafa, wadda ake zubawa a romo domin kashe ƙarnin kifi. Na biyu shi ne mirin, wani ruwa mai zaƙi da ake yi da shinkafa, wanda ke sa gasasshen kifi sheƙi. Mirin na asali na ɗauke da barasa kimanin kashi 14 cikin ɗari, kuma dokar Japan na lissafa shi cikin kayan giya. Da wuya a sami romon dafa kayan lambu ko miyar shafa wa gasasshe a girkin gargajiya da babu ɗaya daga cikin biyun.

Masu girki kan ce barasar na ƙonewa a kan wuta, kuma lalle suna da al'adar tafasa mirin da sake kafin amfani da su. To amma alƙaluman ma'aikatar aikin gona ta Amurka sun nuna cewa abin da ke saura a cikin abinci kan kama daga kimanin kashi 5 zuwa kashi 85 cikin ɗari na barasar da aka zuba, gwargwadon yadda aka dafa da kuma daɗewarsa a wuta.

Hukumomin da ke ba da shaidar halal a ƙasashe irin su Malesiya da Indonesiya ba sa amincewa da abincin da aka zuba wa giya, ko da an dafa shi.

Batun shoyu, wato baƙin romon waken suya, da miso, wato ƙullin waken da aka bari ya ruɓa kamar daddawa, ya ɗan bambanta. 'Yar barasa kan samu a cikinsu da kanta a yayin da suke nuna, sannan wasu kamfanonin kan ƙara wata domin kada su lalace. Malamai sun yi saɓani a kan wadda ta samu da kanta kuma ba ta bugarwa, don haka wanda ke da shakka ya kamata ya tuntuɓi malamin da ya amince da shi tun kafin tafiya. A yanzu akwai shoyu da miso masu tambarin halal da ake yi a Japan.

Sai kuma nama. Kaza ko agwagwa ko naman sa da za a gani a akwatin, galibi ba yankan Musulunci ba ne. Naman alade bai cika fitowa a kaiseki irin na Kyoto ba, amma ya zama ruwan dare a bento na kantuna da tashoshi. Alal misali, shahararren bento na tashar Yokohama, birnin da ya sha karɓar baƙuncin taron TICAD na Japan da ƙasashen Afirka, ciki har da na watan Agusta na 2025, an gina shi ne a kan wasu 'yan ƙunshe-ƙunshe da ake cusa wa niƙaƙƙen naman alade.

Haka nan sinadarin jelatin da ke sa kayan zaƙi ko romo su daskare, sau da yawa daga alade ake samo shi, ko da yake girkin gargajiya ya fi amfani da kanten, wanda daga ganyen teku ake yin sa.

Ko da abincin wuraren ibadar Buddha da ake kira shojin ryori, wanda babu nama babu kifi a cikinsa, ba a rasa mai zuba masa mirin ko sake.

Sauyin da ake samu

Al'amura sun fara sauyawa tun daga 2013, lokacin da Japan ta ɗage buƙatar biza ga 'yan Malesiya masu gajeriyar ziyara, sannan ta sassauta wa 'yan Indonesiya a shekarar da ta biyo baya.

Baƙin da suka shiga ƙasar sun kai kusan miliyan 32 a 2019, suka haura miliyan 36 a 2024, shekarar da darajar yen ta faɗi har dala ɗaya ta wuce yen 160.

Su ma Musulmin da ke zaune a ƙasar sun ƙaru. Farfesa Hirofumi Tanada na Jami'ar Waseda ya ƙiyasta cewa sun tashi daga kimanin dubu 110 a 2010 zuwa kimanin dubu 230 a ƙarshen 2019.

Wannan ya sa gidajen abinci da dama, musamman a Tokyo da Kyoto da Osaka, suka fara shirya bento da kaiseki da babu giya babu alade, inda suke maye gurbin mirin da sukari ko zuma ko ruwan 'ya'yan itace.

Sai dai Japan ba ta da hukumar gwamnati guda da ke ba da shaidar halal. Ƙungiyoyi ne masu zaman kansu da masallatai ke bayarwa, kuma ma'auninsu ba ɗaya ba ne. Wani gidan ma kan rubuta cewa yana maraba da Musulmi ne kawai, ma'ana an cire alade da giya daga wasu nau'o'in abincin, amma kicin ɗaya ne, tukwane ɗaya, kuma ana sayar da giya ga sauran baƙi.

Abin da ya fi amfani shi ne a yi bayani tun lokacin kama wuri, kwanaki kafin ranar. Kukun kaiseki kan haɗa romonsa tun da asuba, wani kifin ma yakan kwana biyu ko uku a jiƙe cikin kayan haɗi, don haka ba zai iya sauya komai ba idan sai an zauna a tebur aka faɗa masa. Kuma ya kamata a ambaci sake da mirin da sunansu, domin da yawa daga ma'aikatan ba sa ɗaukar su a matsayin giya idan a tukunya suke.

Ladubban zama a tebur

A irin waɗannan gidaje, sau da yawa akan cire takalmi a bakin ƙofa, kuma ana son baƙo ya zo da safa mai tsabta domin tabarmar tatami da zai taka. Ba a son turare mai ƙarfi, saboda yana danne ƙamshin abincin har ga wanda ke zaune a nesa.

Za a fara kawo ɗan jiƙaƙƙen tawul na goge hannu. Idan akwati ya iso, akan ɗaga murfin da hannu biyu a ajiye a gefe. Ba laifi ba ne a ɗauki ƙaramin kwano zuwa kusa da baki, kuma miya kurɓarta ake yi daga kwanon, amma shi akwatin ba a ɗaga shi.

Abubuwa biyu ne ake ƙyama ƙwarai game da tsinkayen cin abinci. Ba a kafa su a tsaye cikin shinkafa, kuma ba a miƙa abinci daga tsinke zuwa tsinke, domin duka biyun na tuna wa Japanawa al'adun jana'iza.

Ba a ba ma'aikata kyautar kuɗi a kan abin da aka rubuta, sai dai wasu gidajen kan ƙara ladan hidima a cikin lissafi. Rashin zuwa bayan an kama wuri babban laifi ne, kuma akan caji mutum kuɗin abincin, tun da an riga an yi cefane da sunansa.

Ta fuskar lafiya kuwa, wanda ke da hawan jini ya lura da shoyu da miso da kayan tsami. Bajapane kan ci gishiri kimanin giram 10 a rana, wato ninki biyu na abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara. Mata masu juna biyu kuma likitoci kan shawarce su da su yi hattara da ɗanyen kifi.

Amana da tsadar kaya

Kasuwar irin waɗannan gidaje a kan amana take, domin baƙo ba ya ganin abin da ke gudana a kicin. Wannan ne ya sa abin kunyar da ya faru a Senba Kitcho, ɗaya daga cikin kamfanonin da suka fito daga gidan Kitcho bayan an raba shi tsakanin iyalan wanda ya kafa shi, ya girgiza ƙasar.

A 2007 an gano kamfanin na sauya ranar lalacewar kaya, yana kuma yin ƙarya game da yankin da naman sa ya fito. A shekarar da ta biyo baya aka gano ana sake kai wa wasu baƙin abincin da wasu suka rage. A watan Mayu na 2008 aka rufe shi.

Annobar korona ta zo da nata darasin. Bayan dokar ta-ɓaci da aka kafa a watan Afrilu na 2020, gidajen da a da ba a shigarsu sai da wanda ya san mai gida, sun koma sayar da bento a bakin ƙofa domin su iya biyan ma'aikata.

Sai kuma tsadar shinkafa. A farkon 2025 farashin kilo biyar ya haura yen dubu huɗu, kusan ninki biyu na shekarar da ta gabata, har gwamnati ta buɗe rumbunanta na ko-ta-kwana. A watan Mayu na shekarar ministan aikin gona Taku Eto ya yi murabus, bayan da ya ce shi bai taɓa sayen shinkafa ba domin magoya bayansa na kawo masa kyauta.

Shi ma akwatin kansa na fuskantar barazana. Bishiyar urushi kan shekara goma zuwa goma sha biyar kafin a tatse ta, kuma abin da take bayarwa bai wuce cikin kofin shayi ba. Mafi yawan ƙaron da ake aiki da shi a Japan daga China ake shigo da shi. Girgizar ƙasar da ta afka wa yankin Noto a ranar 1 ga Janairun 2024 ta rusa shaguna da dama a garin Wajima, wanda ya fi ko'ina suna a wannan sana'a, kuma yawancin masu yin ta sun manyanta.

A ƙetare

A wajen Japan kuwa, kasuwar sai bunƙasa ta riƙa yi. Alƙaluman ma'aikatar aikin gona ta ƙasar sun nuna cewa gidajen abincin Japanawa a ƙetare sun tashi daga kimanin dubu 24 a 2006 zuwa kimanin dubu 187 a 2023, ko da yake waɗanda ke nahiyar Afirka ba su kai dubu ɗaya ba.

A irin waɗannan wurare bento ya sauya kama. Maimakon 'yan ƙananan zubi masu bin lokacin shekara, akan cika akwatin da sushi da tempura da gasasshiyar kaza ko kifi da salak. Gidajen Nobu, waɗanda kuku Nobu Matsuhisa da ɗan wasan fim Robert De Niro suka fara buɗewa a New York a 1994, na cikin waɗanda suka yayata wannan salo tsakanin 'yan kasuwa da manyan ma'aikata.

Kifin da gidan ya fi shahara da shi, a girkinsa na asali, akan jiƙa shi ne na kwanaki cikin miso da sukari da sake da mirin. Don haka tambayar da Musulmi zai yi wa kuku a Kyoto, ita ce dai zai yi a New York ko London ko Abuja, kafin ya ɗaga murfin akwatin.